Yadda za ka gyara sit ɗin babur ɗinka da kuɗi kaɗan

Tun da damina ta kankama mutane ke ta yi min tambaya iri ɗaya: sit ɗin babur ya yage, yana shan ruwa, duk wanda ya hau sai ya sauka da jiƙaƙƙen wando, ga sabon sit ya yi tsada, ya za a yi? Ana gyarawa, kuma mai babur zai iya yin kusan dukan aikin da hannunsa a tsakar gida cikin yini ɗaya, muddin soson a bushe yake. Sai dai ka riƙe abu guda tun yanzu: leda sutura ce kawai, ainihin aikin yana ƙarƙashinta. Babura da yawa da ke yawo a Kaduna sabuwar leda aka ɗora musu a kan ruɓaɓɓen soso, shi ya sa kafin wata biyu take yamutsewa ta sake fashewa a daidai inda ta fashe a da. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

1. Duba girman ɓarnar

Kafin ka je kasuwa, danna sit ɗin da tafin hannu a wurare uku: gaba kusa da tanki, tsakiya inda kake zama, da baya wurin fasinja. Idan soson ya dawo nan take, ba ka ji ƙarfe ko roba a ƙarƙashin hannunka ba, to leda kaɗai za ka canza. Idan ya lotsa ya ƙi tasowa, ko ruwa ya tsattsafo ta inda ya yage, akwai aikin soso. Idan kuwa ka girgiza sit ɗin ka ji yana rawa ko yana lanƙwasawa a tsakiya, farantin da ke ƙasa ne ya tsage.

Yagewar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ledar da ke kewaye da ita tana da laushi, faci ya ishe ta. Ka yanko guntun leda da ya fi ramin faɗi, ka cusa shi ta ciki, ka shafa gam a bakin ramin ka danne. Facin da aka manna ta waje wando ne ke ɗaye shi cikin mako guda. Amma in ledar ta bushe ta yi tsage-tsage ko'ina saboda rana da hunturu, kada ka ɓata gam ɗinka, lokacinta ne ya yi.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Abin da za ka saya: ledar kujera yadi ɗaya, soso gwargwadon ɓarnar, ƙaramin gwangwanin gam irin Evo-Stik da masu takalma da masu kushin ke amfani da shi, fil ɗin sitefila, sanfefa mai kaushi, da ledar roba mai ɗan kauri irin wadda ake rufe sabuwar katifa da ita. Abin da za ka nema a gida ko ka ara: sifana mai lamba 10 da 12, sukundireba, filaya, almakashi mai kaifi, sabuwar reza, alli, tef ɗin awo na tela, da zarton yanka ƙarfe ko wuƙar yanka burodi. Babbar sitefila ta masu kushin kuwa, kada ka saya saboda sit ɗaya. Ka ara, ko ka bar wannan matakin ga mai ita ka biya shi kuɗin bugawa kawai.

A Panteka ta Tudun Wada za ka samu masu kushin, kafintoci da masu walda kusa da juna, don haka in aikinka ya haɗa da faranti, can ya fi sauƙi. Wanda ke Kawo, Rigasa, Kakuri ko Sabon Tasha ba sai ya ƙona mai ya shigo gari ba: duk unguwar da ake haɗa kujerun falo akwai ragowar leda da guntayen soso a shagon, kuma sukan sayar da su ƙasa da farashin yadi. A nan sauƙin yake. Sit ɗin babur ƙaramin abu ne, abin da mai kushin ya yanke ya ajiye a gefe sau da yawa ya ishe ka.

Farashin leda, soso da gam yana bin dala, na watan jiya ba shi ne na yau ba. Saboda haka ka yi tambaya uku kafin ka fitar da ko sisi: nawa ne sabon sit na irin babur ɗinka a wurin masu kayan gyara, nawa ne ɗinkakkiyar rigar sit, sannan nawa mai gyaran sit zai karɓa ya yi maka duka. Ka haɗa kuɗin kayan da za ka saya ka kwatanta. A ganina, in gyaran zai cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, musamman in har da walda, gara ka cika ka sayi sabon ko ka nemi na hannu mai lafiyayyen faranti. Ɗinkakkiyar riga ta Boxer ko Jincheng tana rage wahala sosai ga wanda sosonsa ke da lafiya, amma ka taɓa ta da kyau, da yawansu ledar siririya ce.

Gargaɗi wajen zaɓen leda: ka juya bayanta, dole ka ga yadi saƙaƙƙe a manne. Ka ninke ta ka matse da yatsu, in farin layi ya fito a wurin ninkin, za ta tsage da wuri. Ka ja ta ka ga tana miƙewa tana komawa. Kuma ka guji mai santsi da ƙyalli komai kyanta, domin ranar da ka taka birki da ƙarfi za ka zame ka daki tanki, fasinja kuma ya zamo ya dake ka. Mai ɗan kaushi ita ce ta babur. Ka faɗa wa mai shago kai tsaye: "Malam, ta sit ɗin mashin nake so, mai yadi a baya, wadda ba ta santsi."

3. Cire sit daga babur

Ka kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a wuri mai shimfiɗe. A yawancin baburanmu noti biyu ne ke riƙe da sit ta baya ko ta gefe, wasu kuma da makulli ake buɗewa, irin su roba-roba. Ka kwance, ka ɗaga bayan sit ɗin, ka ja shi baya don harshen da ya shiga ƙarƙashin tanki ya fito. Kada ka fizge shi sama, harshen ne zai karye. Notuna da wosha ka zuba su a gwangwani ɗaya. Ka rufe wurin da sit ya tashi da leda ko buhu saboda wayoyin wuta da ke nan, musamman in hadari ya haɗu.

4. Cire tsohuwar leda

Ka kifa sit ɗin, ka ɗauki hoton ƙasansa da wayarka kafin ka taɓa komai. Zai nuna maka daga baya yadda aka naɗe kusurwoyi da inda bel ɗin fasinja ya ratsa.

Faranti iri biyu ne. Na roba, wanda aka bugi leda a jikinsa da fil. Sai na ƙarfe, mai ƙananan haƙora a kewaye da aka soke ledar a kansu aka lanƙwasa. In na roba ne, ka zura bakin sukundireba ƙarƙashin kowane fil ka ɗaga, ka zare da filaya, kada ka bar ko guda, domin guntun fil mai tsatsa zai huda sabuwar ledar. In na ƙarfe ne, ka ɗaga haƙoran a hankali, rabin hanya kawai. Duk haƙorin da ka miƙe gaba ɗaya ka sake lanƙwasawa ya kusa karyewa.

Kada ka yayyaga tsohuwar ledar don haushi ko gaggawa. Ita ce ma'auninka.

5. Gyaran faranti

Ka raba soso da faranti a hankali, in an manna shi ka bi da wuƙa. Farantin ƙarfe ka goge tsatsarsa da sanfefa har farin ƙarfe ya bayyana, ka shafa fenti, ka bari ya bushe sosai. In ya tsage ka kai wa mai walda, amma farantin zalla, babu ko ɓurɓushin soso a jiki, domin soso yana kamawa da wuta nan da nan kuma hayaƙinsa guba ne. Na roba in ya tsage, ka huda ƙananan ramuka a gefe biyu na tsagewar ka ɗinke da waya, ko ka ɗora ɗan falle na ƙarfe ka ɗaure da ribit, wato ɗan ƙarfen da ake zurawa a rami a take bakinsa ya riƙe. Ka gogge duk wani kaifi a bakin farantin, ka bi gefen da guntun tsohon tub ɗin taya ko salatif mai kauri, don bakin faranti shi ke yanke leda ta ciki.

Ka duba robobin da sit ke zama a kansu. In sun faɗi, ka yanko daga tsohuwar taya ka maye gurbinsu. Rashinsu ne ke sa faranti ya riƙa dukan ƙashin babur har ya tsage.

6. Aikin soso

A nan za ka zauna, domin a nan daɗin zama da tsawon ran aikin suke.

Da farko bushewa. Soson sit yana riƙe ruwa a cikinsa ko da samansa ya bushe. Ka matse shi ta hanyar taka shi a tsakanin tsummoki, ka shanya a rana kana juyawa. A watan Maris ko Afrilu yini ɗaya ya isa. A Agusta yana iya ɗaukar kwana biyu ko uku, kuma ba shi da gajeriyar hanya. Kada ka kanga shi a wuta ko kusa da gawayi. Ka gwada da takarda: ka danna ta da ƙarfi a kan soson, in ta yi damshi, da saura. Wanda ya rufe soso mai damshi ya rufe wari da tsatsa, gam ma ba zai kama ba.

Sai ka nemo inda ya mutu. Mataccen soso yana canza launi ya yi duhu, yana marmashewa in ka murza. Ka zana layi da alli ya kewaye wurin har ka shiga lafiyayyen soso da kamar inci ɗaya, sannan ka yanke shi da zarto, bangon ramin a miƙe, ƙasansa a shimfiɗe. Rami mai kusurwa huɗu ya fi sauƙin cikewa fiye da wanda aka ƙwaƙule da hannu. Ka yanko sabon soso da ya ɗan fi ramin girma ta kowane gefe don ya shiga da matsi, kuma ya ɗan ɗara sama, za ka rage daga baya.

Wane soso? Mai nauyi, mai tauri. Ka ɗauki guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi a hannu shi ne zai daɗe. Soson matashi ko na katifa mai araha yana da daɗi a yatsa, amma da ka zauna zai lotse har faranti, kafin ka kai Mando daga Kakuri bayanka ya gaya maka. Wanda aka haɗa da guntaye masu launi daban-daban aka matse yana da kyau a ƙasa. Soson tsohuwar kujerar mota da ake samu wurin 'yan gwangwan ma yana da inganci ƙwarai, sau da yawa ya fi sabon na kasuwa, in dai bai jiƙe da mai ba. In son samu ne, mai tauri a ƙasa, sannan siriri mai laushi na rabin inci a shimfiɗa a saman sit ɗin gaba ɗaya don ya ɓoye mahaɗa.

Wajen mannawa, ka shafa gam siriri a fuska biyu, cikin ramin da jikin sabon soson. Ka jira minti biyar zuwa goma, har in ka taɓa da bayan yatsa yana danƙo amma bai biyo yatsan ba. Sannan ka haɗa ka danne. Irin wannan gam da ya kama ya kama, ba a gyara masa zama, don haka ka daidaita kafin su haɗu. Kuskuren da aka fi yi shi ne lafta gam da yawa: yana bushewa ya yi tauri a cikin soson, ka riƙa jin layi mai ƙarfi a ƙarƙashinka duk tafiya.

Gargaɗi: gam ɗin nan yana kamawa da wuta, tururinsa kuma yana juya kai. A waje za ka yi aikin, nesa da murhu, risho, janareto da mai shan taba, yara kuma su matsa. Ka rufe gwangwanin da zarar ka ɗiba.

Bayan kamar awa ɗaya sai sassaƙa. Ka rage tudun da zarto, ka bi da sanfefa mai kaushi da ka naɗe a jikin katako, kana shafawa ta fuska ɗaya, ba gaba da baya ba, don kada soson ya yage. Magogin kuɓewa ma yana wannan aikin da kyau. Ka riƙa rufe ido kana shafawa da tafin hannu, hannu ya fi ido gane tudu da kwari. Duk abin da hannunka ya ji, leda za ta nuna shi.

Kafin ka ci gaba, ka ɗora faranti da soson a kan babur ka hau. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa kamar da. Masu son ƙara tudu su yi hattara: inci ɗaya ya isa, fiye da haka yana hana ƙafa kaiwa ƙasa a cunkoso ko a hanya mai laka, kuma gaban sit ɗin dole ya kasance siriri don cinya ta sauka. Ka rage faɗin gaba, ka bar faɗin wurin zama.

7. Ledar hana ruwa

Ka manna soson a faranti da gam kaɗan, sannan ka lulluɓe samansa da gefensa da ledar roba, ka kama bakinta da ɗigon gam. Matakin minti biyar ne, kusan kyauta, amma shi ke hana ruwan da ya bi ta ɗinki shiga soso, kuma yana sa ledar sama ta zame da sauƙi lokacin ja. Kada ka naɗe ƙasan, ka bar ramukan faranti a buɗe don iska ta riƙa fita in an zauna.

8. Awo da yanka

Ka auna tsawon sit da faɗinsa da tef kana bin lanƙwasar soson daga bakin faranti zuwa ɗaya bakin, ka ƙara inci 3 a kowane gefe. Wannan ƙarin shi ne abin da hannunka zai kama. Ledar kujera takan zo da faɗin inci 54, yadi kuma inci 36 ne, don haka yadi ɗaya yakan isa har a samu saura, rabin yadi kuwa yakan gaza a faɗi. Ka ja ledar ta fuska biyu ka ga inda ta fi miƙewa, wannan fuskar ita za ta ratsa sit daga hagu zuwa dama. Ka yi zane a bayanta da alli, ka sa alamar tsakiya a gaba da baya.

Sit mai shimfiɗe irin na Boxer falle ɗaya yakan rufe shi ba ɗinki, kuma ni shi na fi so, domin duk inda allura ta bi ruwa zai bi. Sit mai hawa biyu ko mai zurfin lanƙwasa sai da ɗinki. A nan ka farke tsohuwar rigar a kan ɗinkinta, ka shimfiɗa kowane ɓangare a kan sabuwar leda ka zana, ka bar rabin inci na ɗinki. In ka ƙara soso, ka ƙara faɗin ɓangarorin gefe daidai da haka. Ka kai wa mai ɗinkin kushin ko mai ɗinkin jaka, irin waɗanda kekensu ke cin leda. Ka roƙe shi ya sa zaren nailan kuma ya buɗe tazarar ɗinkin. Ɗinki mai matsi yana jera ramuka kusa da kusa, ledar ta yage a kan layin da zarar an ja. Da ka karɓo, ka shafa gam siriri a bayan ɗinkin.

9. Ja da bugawa

Ka shanya ledar a rana minti goma zuwa sha biyar har ta yi ɗumi ta saki jiki. Farantin roba ma in ya sha rana ya fi karɓar fil. Da sanyin safiyar hunturu leda takan ƙi miƙewa, ka jira hantsi. Kada ka kusantar da ita ga wuta ko dutsen guga.

Tsarin bugawa shi ne sirrin, kuma mutum biyu sun fi ɗaya: wani na ja, wani na bugawa. Ka daidaita alamar tsakiya, ka buga fil biyu ko uku a gaba. Ka ja zuwa baya da ƙarfi madaidaici, ka buga a tsakiyar baya. Ka juya ka duba ko ta karkace. Sannan tsakiyar hagu, sai tsakiyar dama. Daga nan ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, inci biyu a hagu, inci biyu a dama, daga tsakiya zuwa gaba, sannan daga tsakiya zuwa baya, kana juya sit ɗin kana dubawa. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan, sit ɗinsa zai fito a karkace, kuma ba abin da zai gyara shi sai warwarewa. In ka ga yamutsi, ka cire fil ukun da ke kusa, ka ja ta fuskar da yamutsin ya nuna, ka sake bugawa.

Kusurwoyi su ne na ƙarshe. Ka kasa rarar ledar zuwa ƙananan ninki da yawa a ƙarƙashin faranti maimakon babban ninki ɗaya, kowane ninki da fil ɗinsa. In komai ya zauna, ka bi kewayen ka cike, tazarar fil da fil kamar faɗin yatsa.

Gargaɗi: fil gajere, milimita 6 zuwa 8. Dogo yana ratsa faranti ya shiga soso, wata rana ya fito ta gefe ya yagi leda ko cinya. Ƙusa kuwa kada ta kusanci sit. In sitefilar ta kasa huda robar, kada ka bi da guduma, ka kai wa mai bindigar iska ta buga fil. Kuma kada ka ja leda har soso ya lotse, in ka ga gefen sit ya yi ƙugu-ƙugu, jan ya yi yawa, rana ɗaya mai zafi za ta fasa ta.

A farantin ƙarfe tsarin ɗaya ne, sai dai a maimakon fil za ka soka ledar a kan haƙori ka kwantar da shi da ɗan bugu. Inda haƙora suka karye, ka huda ka sa ribit da wosha, kan ribit ɗin yana fuskantar waje.

10. Mayarwa da gwaji

Ka yanke rarar leda da reza, ka bar rabin inci bayan layin fil. Wannan ba don kyau kaɗai ba ne: a babura da yawa bakin da inji ke shaƙar iska yana ƙarƙashin sit, leda mai reto tana iya toshe shi, babur ya riƙa shaƙewa kana zargin kafireto. Ka mayar da bel ɗin fasinja, ka zura harshen gaba ƙarƙashin tanki, ka tabbata ba ka danne wata waya ba, ka ɗaure notuna. Ka kama bayan sit ka girgiza da ƙarfi, bai kamata ya motsa ba.

Ka zuba ruwa kofi ɗaya a kai ka ga ya gangare bai taru a tsakiya ba. Ƙananan yamutsi sukan baje da kansu bayan kwana biyu a rana. Bayan mako guda ka sake cire sit ɗin ka duba ƙasa, duk fil ɗin da ya ɗago ka canza shi.

Wajen wanki ruwa da sabulu sun isa. Kada ka shafa masa man juye, baƙin mai ko man gashi don ya yi ƙyalli, suna sa santsi kuma suna cin leda. Fetur in ya zuba a kai wajen shan mai, ka goge nan take. Ragowar ledar da ta saura ka naɗe ta, kada ka ninke, ka ajiye a inuwa tare da sauran gam ɗin a rufe da kyau, domin faci na gaba.